Wasan da aka saya da kuɗi, makullinsa na hannun kamfani

A ranar 31 ga Maris, 2024, kamfanin Ubisoft na ƙasar Faransa ya kashe manyan kwamfutocin da ke ɗauke da The Crew, wasan tseren motoci da ya fito a watan Disamba na 2014. Daga wannan rana duk wanda ya mallaki wasan, ko a faifai ya saye shi ko ta intanet ya sauke shi, ya wayi gari da abin da ba ya buɗuwa. Faifan lafiyarsa lau, na'urar ma haka, kuma babban ɓangaren wasan irin wanda mutum ke yi shi kaɗai ne, yana tuƙi daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan ba tare da buƙatar abokin karawa ba. Sai dai tun farko an ƙera shi ta yadda ba zai tashi ba sai ya tuntuɓi kwamfutocin kamfani, waɗanda ake kira sabar, don haka da aka rufe su komai ya tsaya cak. Ba a jima ba masu wasa a kwamfuta suka tarar kamfanin ya fara janye lasisin wasan daga asusunsu, ta yadda ko sake sauke shi ba za su iya ba.

Rigimar tilasta haɗi da intanet a wasannin bidiyo ta haura shekara goma sha biyar ana yin ta, kuma sau da yawa ana ɗaukarta a matsayin ƙorafin mutanen da sabis ɗinsu ba shi da ƙarfi. A ganina ta wuce nan. Abin da ake jayayya a kansa shi ne wane ne ke da ikon cewa wasan da aka biya kuɗinsa zai yi aiki yau, kuma wane ne zai yanke ranar da zai daina.

Kafin a ɗora wa kowa laifi ya kamata a rarrabe, domin ba duk wasan da ke neman intanet ba ne yake nemansa ba gaira ba dalili. Akwai wasan da rayuwarsa kacokan a kan sabar take, kamar World of Warcraft da ya fito a 2004, inda dubban mutane ke haɗuwa a duniya guda, kuma dole a sami wata kwamfuta a tsakiya da za ta riƙa lissafin inda kowa yake da abin da ya gudana tsakaninsu. Irin wannan bai cika jawo faɗa ba, musamman da yake kuɗin wata-wata ake biya, mai biya kuma ya san abin da ya shiga. Akwai kuma wasan da yake cikakke a cikin na'urar mai shi, ba ya buƙatar komai daga waje, amma an sa masa sharaɗin ya riƙa neman izini daga kamfani lokaci zuwa lokaci, idan bai samu amsa ba ya rufe. Na uku, wanda ya fi yawa a yau kuma ya fi wuyar ganewa, shi ne wanda aka ɗauke wani ɗan ƙaramin sashe nasa da gangan aka ajiye a sabar, galibi wurin adana ci gaban da mai wasa ya samu, ko lissafin kuɗin cikin wasa, domin a iya cewa da gaske ba zai yi aiki ba sai da intanet. Maganar gaskiya ce, amma gaskiya ce da kamfanin ya ƙirƙira da hannunsa. Kusan duk manyan rigingimun da aka yi a kan na biyu da na uku aka yi su.

Hujjar da kamfanoni suka fara kawowa ita ce satar fasaha, kuma ba ƙarya suke yi ba cewa ana kwafar wasanninsu ana rarrabawa kyauta. A farkon 2010 Ubisoft ya fitar da Assassin's Creed II da The Settlers 7 na kwamfuta da sharaɗin cewa idan intanet ya yanke wa mutum yana tsakiyar wasa, to wasan zai tsaya nan take. A cikin watan Maris na shekarar sabar kamfanin ta faɗi, ya ce masu kutse ne suka kai mata hari, mutanen da suka sayi wasan da halaliyarsu suka shafe sa'o'i ba su iya shiga ba. Cikin 'yan makonni masu fasa kwaurin manhaja suka cire sharaɗin baki ɗaya, suka saki kwafin da ke aiki ba tare da intanet ba. Sakamakon shi ne wanda ya biya kuɗi ya sami kaya mai tangarɗa, wanda ya sata kuma ya sami wanda ya fi inganci, kuma babu wani ɗan kasuwa da zai daɗe yana hukunta abokin cinikinsa na gaskiya saboda laifin ɓarawo ba tare da ya ga sakamakon hakan ba. A watan Satumba na 2012 Ubisoft ya bayyana cewa ya daina wannan tsari a wasanninsa na kwamfuta. A ɗaya gefen kuma, kamfanin CD Projekt na ƙasar Poland ya sayar da The Witcher 3 a shagonsa na GOG a 2015 ba tare da wani makulli ba, duk da haka wasan ya sayu fiye da kwafi miliyan 50 zuwa 2023.

Hujja ta biyu ita ce hana maguɗi, kuma tana da ƙarfi a inda mutane ke gasa da juna. Amma akwai dalilan da ba a cika faɗinsu a bainar jama'a ba, waɗanda nake ganin su ne suka fi nauyi: mai wasan da ke haɗe da sabar a kowane lokaci shagon kamfani na gabansa a kowane lokaci, ana iya tattara bayanan yadda yake wasa da inda yake gajiya da abin da ke sa shi kashe kuɗi, kuma faifansa ba ya da wata daraja a kasuwar 'yan gwanjo. Diablo III na kamfanin Blizzard ya nuna wannan a fili. Ya fito ranar 15 ga Mayu, 2012, aka sayi kwafi miliyan 3.5 a rana ta farko, amma abin da mutane da yawa suka gani a allonsu shi ne saƙon kuskure mai lamba 37, domin sabar ta kasa ɗaukar cunkoson. Lamarin ya kai har hukumar kula da adalcin kasuwanci ta Koriya ta Kudu ta binciki ofishin kamfanin da ke birnin Seoul saboda ƙorafin waɗanda aka hana mayar musu da kuɗinsu. A lokacin wasan yana da kasuwar gwanjo inda ake sayar da kayan cikin wasa da kuɗi na gaske, kamfani na ɗaukar kasonsa, kuma irin wannan kasuwa ba za ta yiwu ba sai komai na hannun sabar. Da aka fitar da wasan a na'urorin wasa na PlayStation 3 da Xbox 360 a 2013, ba shi da kasuwar, kuma yana aiki lafiya ba tare da intanet ba.

SimCity ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin a nan ne amana ta karye. Wasan gina birni ne da mutane suka saba yi su kaɗai tun 1989, amma da kamfanin Electronic Arts da reshensa na Maxis suka fitar da sabon salo ranar 5 ga Maris, 2013, sai suka ɗaure shi da intanet. Sabar ta durƙushe, mutane suka riƙa jira a layi kafin su shiga birnin da su kaɗai ne a cikinsa, wasu kuma suka rasa aikin sa'o'i da yawa domin ba a adana musu ba. Amazon ya dakatar da sayar da wasan na ɗan lokaci, kamfanin ya kashe wasu sassan wasan don rage wa sabar nauyi, har da saurin tafiyar lokaci mafi girma, daga baya ya ba masu saye wani wasa kyauta a matsayin ban haƙuri. Duk wannan da ana iya yafe shi a matsayin rashin shiri. Abin da ba a yafe ba shi ne bayanin da shugabar Maxis ta lokacin, Lucy Bradshaw, ta yi cewa wani babban kaso na lissafin wasan a sabar ake yin sa, saboda haka cire intanet zai buƙaci gagarumin aiki. Ba a yi mako biyu ba wani mai gyaran manhaja ya nuna cewa akwai wani ƙayyadadden lokaci na minti 20 da aka sa, wanda idan ya cika babu intanet wasan ke korar mai shi, kuma da ya cire shi birnin ya ci gaba da tafiya yadda ya kamata. A watan Maris na 2014 kamfanin da kansa ya fitar da hanyar yin wasan ba tare da intanet ba, a Maris na 2015 aka rufe babban ofishin Maxis da ke Emeryville, kuma a cikin wannan watan ne wani ƙaramin kamfani na ƙasar Finland mai suna Colossal Order ya fitar da Cities: Skylines, wanda ba ya neman intanet, ya sayar da kwafi miliyan ɗaya cikin kusan wata guda, ya gaje kasuwar gaba ɗaya.

A cikin wannan yanayi na fushi ne Microsoft ya yi yunƙurin mayar da sharaɗin ya zama na na'ura sukutum. A farkon watan Yuni na 2013 ya bayyana cewa sabuwar Xbox One za ta buƙaci tuntuɓar kamfani aƙalla sau ɗaya a kowace sa'a 24, in ba haka ba ko wasan da ke kan faifai ba zai buɗe ba, sannan aka gindaya sharuɗɗa a kan sayar da tsohon faifai da ba da aronsa. Tun kafin nan, a watan Afrilu, wani babban ma'aikacin kamfanin mai suna Adam Orth ya yi wa masu ƙorafi gatsali a Twitter, har abin ya kai ga ya bar aiki. Shugaban sashen Xbox, Don Mattrick, ya ƙara rura wutar da ya ce wanda ba shi da intanet akwai na'urar da ta dace da shi, wato tsohuwar Xbox 360. Sojojin Amurka da ke aiki a wuraren da babu sabis da mazauna karkara suka ji cewa su ake nufi. A ranar 10 ga Yuni, a taron baje kolin wasanni na E3, Sony ya sanar da cewa PlayStation 4 ba za ta buƙaci wannan tuntuɓa ba, faifai na mai shi ne ya sayar ko ya ba da aro, farashinta kuma dala 399 ne, na Xbox One dala 499. Ranar 19 ga Yuni Microsoft ya lashe amansa, ya soke tsarin, a farkon Yuli kuma Mattrick ya bar kamfanin.

Ana yawan ba da wannan labari a matsayin nasarar masu wasa, kuma nasara ce, amma ya kamata a lura da abin da ya kawo ta. Ba ƙarfin surutu kaɗai ba ne ya tanƙwara Microsoft. Akwai abokin hamayya a tsaye da irin kayan, da farashi mai rahusa, kuma mutane ba su riga sun biya kuɗi ba. Haka ma abin ya kasance da SimCity. Duk inda mai saye ke da inda zai koma kafin ya zare kuɗinsa, fushinsa na da tasiri. Darasin da kamfanoni suka ɗauka kuwa shi ne kada a ƙara shelanta sharaɗin a kan dandamali da babbar murya, a riƙa shigo da shi wasa bayan wasa. Faifan Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 kusan babu komai a cikinsa, ainihin wasan sai an sauke shi. Gran Turismo 7 na Sony, kamfanin da aka yi wa tafi a 2013, ya fito a Maris na 2022 da tsarin adana ci gaba a sabar, kuma makonni biyu bayan fitowarsa wani gyara ya lalace, wasan ya shafe fiye da sa'a 30 mafi yawansa a rufe, har jagoran aikin Kazunori Yamauchi ya fito ya ba da haƙuri. An yi fushi, an ba mutane kyautar kuɗin cikin wasa, sharaɗin ya zauna daram.

Ga mai karatu a Kano ko Zinder ko Kumasi, wannan ba labarin nesa ba ne. Wanda ya taɓa leƙa gidan gem na unguwa ya san yadda yake: benci biyu ko uku, talabijin a jere a bango, janareto na ƙugi a bakin ƙofa, samari na biyan kuɗin kowane zagaye na wasan ƙwallo, wanda ya ci ya zauna wanda aka ci ya tashi. Abin da ya riƙe wannan sana'a shi ne na'urar da ake kunnawa ta yi aiki ba tare da ta nemi izinin kowa ba, shi ya sa tsofaffin na'urori da tsofaffin wasanni suka daɗe ba su bar shagunan ba. Wasan da ke neman intanet kowace daƙiƙa yana ɗauka cewa sabis abu ne da ba ya yankewa, alhali a watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, a ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, a Janairun 2025 kuma hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. Ko wanda ke da sabis mai kyau bai tsira ba. A watan Mayu na 2024 Sony ya ce masu buga Helldivers 2 a kwamfuta dole su buɗe asusun PlayStation, alhali ba a buɗe wannan asusu a hukumance a mafi yawan ƙasashen Afirka, aka cire wasan daga Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a ƙasashe da yankuna fiye da 170. Sony ya janye sharaɗin cikin kwanaki kaɗan saboda tarin munanan sharhin da aka yi wa wasan, amma lamarin ya nuna cewa lokacin da ake tsara irin waɗannan dokoki ba a tuna da mu.

Rufe The Crew ya sauya akalar rigimar, daga tambayar ko wasan zai buɗe a ranar da aka saye shi zuwa tambayar ko zai buɗe bayan shekara goma. A nan babu abokin hamayyar da za a gudu wurinsa, domin an riga an karɓi kuɗin tun da daɗewa, don haka masu ƙorafi suka nufi hukuma. Wani Ba'amurke mai shirya bidiyo a YouTube, Ross Scott, ya ƙaddamar da gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe wasanni, a Afrilun 2024. A Tarayyar Turai magoya bayansa suka yi amfani da dokar da ta ba 'yan ƙasa damar gabatar da buƙata ga Hukumar Tarayyar idan suka tara sa hannu miliyan ɗaya, suka wuce adadin a watan Yuli na 2025, kuma bayan tantancewa aka tabbatar da kusan miliyan 1.3. Wannan yana wajabta wa Hukumar ta saurare su ta ba da amsa, bai wajabta mata kafa doka ba. A Birtaniya majalisar dokoki ta tattauna irin wannan koke a watan Nuwamba na 2025, gwamnati ta ce ba ta da niyyar sauya doka. A Kalifoniya wasu masu wasa biyu sun kai Ubisoft kotu, lauyoyin kamfanin suka amsa da cewa ba wasa aka sayar musu ba, izinin amfani ne mai iyaka.

Wannan amsa ita ce zuciyar al'amarin. Duk wanda ya taso a kasuwanninmu ya san bambancin ciniki da haya, kuma malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa haya ba ta inganta sai an san kuɗinta an kuma san wa'adinta. Abin da kamfanoni ke yi ya faɗa tsakanin biyun: a shago an rubuta saye, an karɓi kuɗi cikakke lokaci guda kamar ciniki, amma a cikin doguwar yarjejeniyar da kusan babu mai karantawa an ce haya ce, wa'adinta kuma mai kaya ne kaɗai ya sani, yana iya yanke shi duk ranar da ya ga dama. Jihar Kalifoniya ta taɓa gefen wannan matsala da dokar da ta fara aiki a Janairun 2025, wadda ta hana shagunan intanet amfani da kalmar saye ba tare da sun bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa ba, sai fa idan kayan irin wanda zai sauke ya ajiye ne har abada. Steam ya fara nuna wannan gargaɗi tun Oktoban 2024. Mataki ne mai kyau, amma faɗa wa mutum cewa haya ce ba tare da faɗa masa ranar ƙarewa ba rabin magani ne.

Kamfanonin ma suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Ƙungiyarsu ta Turai, Video Games Europe, ta ce kula da sabar yana cin kuɗi, barin jama'a su kafa tasu zai cire kariyar bayanan mutane da sa ido a kan miyagun abubuwa, kuma tilasta wannan zai sa ƙera irin waɗannan wasanni ya yi tsada ƙwarai. Akwai kuma lasisin motoci da kiɗa da ake ɗauka na 'yan shekaru, da manhajojin wasu kamfanoni da ke cikin sabar waɗanda ba za a iya rabawa ba. Na yarda cewa ga tsohon wasa mai sarƙaƙiya, wanda ba a tsara shi da wannan tunani ba, aikin na iya zama babba. Amma gangamin bai nemi a riƙe sabar har abada ba, kuma bai nemi a koma kan tsofaffin wasanni ba. Abin da ya nema shi ne wasan da za a sayar nan gaba a bar shi cikin yanayin da zai iya aiki idan kamfani ya janye hannunsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da ke da tsada a shekara ta goma yana da sauƙi idan an sa shi a cikin tsari tun ranar farko.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan cewa hakan mai yiwuwa ne daga kamfanonin kansu ta fito. Da Sony ya rufe sabar Gran Turismo Sport a Janairun 2024, ya saki gyaran da ya mayar da adana ci gaba cikin na'urar mai wasa. Ƙaramin kamfanin Velan Studios ya ba jama'a manhajar kafa sabar kansu da zai rufe Knockout City a 2023. Redfall da Suicide Squad: Kill the Justice League, waɗanda duka aka sayar da sharaɗin intanet, sun sami hanyar aiki ba tare da shi ba a 2024. Ubisoft da kansa ya yi alkawari a Satumban 2024 cewa The Crew 2 zai sami irin wannan gyara, ya kuma cika a Oktoban 2025. Inda aka ga ba za a iya ba, akwai hanyar da Sony ya bi da Concord, wanda ya janye makonni biyu bayan fitowarsa a 2024 ya mayar wa kowa kuɗinsa.

Matsalar ita ce duk waɗannan kyautatawa ce, kamfani ya yi don ya ga dama ko don ya ji zafin surutu, wani kuma ya ƙi, kamar yadda Electronic Arts ya rufe wasan Anthem a Janairun 2026 ba tare da barin wata hanya ba. Shi ya sa nake ganin dokar da ta dace ba mai yawa ba ce: a rubuta a fili wurin saye mafi ƙarancin shekarun da aka lamunce wa mutum wasan zai yi aiki, ɓangaren da ake yi shi kaɗai kada a ɗaure shi da sabar sai da dalilin da za a iya nunawa, idan kuma za a rufe, a bar hanyar ci gaba ko a mayar da wani kaso na kuɗi. Mu da ke nan ba mu da ƙuri'a a Tarayyar Turai, kasuwarmu kuma ba ta kai girman da za ta tsorata waɗannan kamfanoni ba. Amma da wuya kamfani ya ƙera wasa iri ɗaya don Turai wani iri don sauran duniya, saboda haka duk gyaran da aka tilasta a can, shi ne zai iso na'urar da ke gidan gem a Fagge ko Sabon Gari.